KORONA DA MAI SHAN MAGANIN ƘANJAMAU: SAƘO GA 'YAN UWANA 'YAN CI-RANI

  

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, kuma ba irin maganar da muke yi a majalisa ba ce. A kan korona ce da mutanen da ke ɗauke da cutar ƙanjamau, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke ce wa sida. Na san wasu daga jin sunan za su ce Allah ya kiyaye, su wuce. Don Allah kada ka wuce. In ba kai ba ne, wataƙila wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ne, ko wanda kuke sa hannu kwano ɗaya, kuma ba zai taɓa gaya maka ba.

Ni ba likita ba ne, karatuna allo ne da firamare. Dako nake yi tsakanin Tema da Ashaiman shekara da shekaru. Amma da yake ina jin Turanci daidai gwargwado, ina kuma jin yaren mutanen nan, ni ake kira in raka mutum asibiti in yi masa tafinta. Na zauna a bencin sashen da ake ba da wannan magani sau ba adadi. Bayanin da likitoci da nas-nas ke yi wa mutanenmu ta bakina yake bi, har na haddace shi. Shi zan juye muku, tare da abin da idona ya gani.

Maganar a dunƙule ita ce: korona tana nuna alama iri ɗaya ga mai ƙanjamau da wanda ba shi da ita. Inda ake rabuwa shi ne ƙarfin jikin da ta tarar. Shi kuwa ƙarfin jikin mai ƙanjamau a cikin robar maganinsa yake. Don haka abu biyu nake roƙo: kada ka bari magani ya yanke maka a ƙasar mutane, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai kada ka ɓoye wa likita.

YADDA ABIN YAKE A CIKIN JIKI

A cikin jininmu akwai sojojin da ke tare cuta, a asibiti ana ce musu CD4. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1,500 a awon da suke yi. Ƙwayar ƙanjamau su take ci a hankali. In suka sauka ƙasa da 200, gida ya zama ba ƙofa, kowace cuta shiga take yi ba sallama.

Maganin da aka fi bayarwa yanzu a ƙasashenmu ƙwaya ɗaya ce a rana, ana ce mata TLD. Wanda ya riƙe ta ba fashi, yawanci cikin wata 6 ƙwayar cutar take kwantawa har gwaji ya kasa ganinta a jini, sojoji kuma su fara dawowa. Wanda ya ajiye ta, cikin 'yan makonni cutar take farkawa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

To me aka gani da korona ta zo? A Afirka ta Kudu, a lardin da birnin Cape Town yake, an duba bayanan mutum kusan miliyan 3 da rabi masu zuwa asibitin gwamnati a 2020. Aka ga haɗarin mutuwa da korona ga mai ƙanjamau ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da ita. A watan Yulin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata rahoton, a kan masu ƙanjamau fiye da 15,000 da korona ta kwantar a asibiti a ƙasashe 24. Ta ce haɗarin ciwon ya yi tsanani ko ya yi kisa ya ƙaru musu da kashi 30 cikin 100, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka kwantar ɗin bai tashi ba.

Kada wannan lissafi ya tsinka maka zuciya. Na waɗanda ciwo ya riga ya kai su gadon asibiti ne. Mafi yawan masu shan maganinsu daidai, in korona ta kama su, kwana kaɗan suke yi su miƙe kamar kowa. Waɗanda abin ya fi kayarwa su ne wanda sojojinsa suka yi ƙasa, da wanda ba ya kan magani, da wanda ya haɗa da ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda ko tarin fuka, da wanda shekaru suka ja.

Akwai labarin wata mata a Durban da likitocin can suka bayyana a 2021. Ƙanjamau ta ci jikinta sosai, maganin da take kai ya daina yi mata aiki. Korona ta zauna a jikinta kwana 216, wato wata bakwai, ta ƙi fita. Da aka canza mata magani zuwa irin wannan TLD ɗin, ƙanjamau ta kwanta, cikin 'yan makonni jikinta da kansa ya kori koronar. Ka ga ke nan inda ƙarfin yake.

ALAMOMIN DA ZA KA LURA DA SU

Zazzaɓi, tari, kasala mai nauyi, ciwon kai, ciwon jiki, ciwon maƙogwaro, mura da yoyon hanci. Wasu su daina jin ƙamshi ko ɗanɗanon abinci, ka ci yaji ka ji kamar ka tauna takarda. Wasu gudawa da amai. Daga ranar da ta shige ka zuwa ranar da za ta nuna, kwana 2 ne zuwa 14. Wadda aka sa wa suna Omikron a ƙarshen Nuwamban 2021 ta fi sauri, kamar kwana 3, kuma ta fi zuwa da kamannin mura. A shekarar ta faɗo daidai lokacin hunturu, kowa na tari, kowa na jan majina, sai a ce ai ƙura ce.

Abin da nas-nas ke yawan nanatawa shi ne mako na biyu. Mutum zai yi kwana biyar ko shida ya ji kamar ya samu sauƙi, har ya koma bakin aiki, sai wajen kwana na 7 zuwa na 10 numfashi ya fara gagara. Kai da ka san garkuwarka ba ta cika ba, wannan makon ne za ka sa wa kanka ido.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, babu jiran gari ya waye, babu jiran mai gida ya ba da izini:

1. Numfashi sama-sama, ba ka iya gama magana sai ka tsaya ka huta.
2. Ƙirji ya riƙe ko yana ciwo ba sassauci.
3. Mutum ya rikice, yana sambatu, ko an tashe shi ya kasa farkawa sosai.
4. Leɓe ko farce sun canza launi sun yi toka-toka.
5. Amai ko gudawa sun hana ruwa da magani zama a ciki.

Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar da ke cikin jini, ana samunta a manyan kemis. In kuna da yawa a ɗaki ku haɗa kuɗi ku sayi guda. In ta nuna ƙasa da 94 a nemi likita, in ta sauka ƙasa da 90 a ɗauki mutum nan take. Amma ku sani, a jikin baƙar fata takan nuna sama da gaskiya. In na'ura ta ce lafiya, mutum kuma yana haki a gabanka, idonka za ka bi. Lambar gaggawa a nan Ghana 112 ce, a Saudiyya motar asibiti 997, a Ingila 999.

BA KOWANE TARI BA NE KORONA

Nan ne mai ƙanjamau ya fi shiga haɗari. Zazzaɓin cizon sauro yana kama da korona. Tarin fuka yana kama da ita. Akwai kuma wani ciwon huhu da ke kama wanda sojojinsa suka sauka ƙasa da 200, busasshen tari da haki, shi ma sak korona, alhali maganinsa daban. Kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyu a lokaci guda.

Korona takan zo da sauri, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta nuna inda ta dosa. Tarin fuka kuwa sanɗa yake yi: tari ya ƙi ƙarewa, gumi cikin dare har riga ta jiƙe, rama, zazzaɓin yamma. Ga sauran mutane ana cewa in tari ya kai mako biyu a je gwaji. Ga mai ƙanjamau ba a jiran mako biyu. Tari, ko zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko guda ɗaya ka gani ya isa a duba ka. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ƙanjamau a duniya. A 2020, da tsoron korona ya hana mutane zuwa asibiti, mutum kusan miliyan ɗaya da rabi ya kashe, karon farko cikin fiye da shekara goma da adadin ya hau maimakon ya sauka.

Yanzu ka duba. Ka je gaban likita da tari da zazzaɓi, ka yi shiru a kan ƙanjamau. Shi bai san gaibu ba. Zai duba ka kamar kowa, ya ba ka abin da yake ba kowa, ya ce ka je ka huta. Da ka gaya masa, da ya nemi majinarka a gwada, da ya ɗauki hoton ƙirji, da ya auna sojojinka, da bai haɗa maka maganin da zai yi faɗa da naka ba. Kalma ɗaya ce ke canza duk wannan. In bakinka ya yi nauyi, ko ba ka son mai yi maka tafinta ya ji, ɗauki hoton robar maganinka a waya ka miƙa wa likita. Zai gane, ba sai ka ce uffan ba.

INDA MU 'YAN CI-RANI MUKE FAƊAWA

Matsalarmu daban take da ta 'yan gari. Da yawa daga cikin masu wannan lalura a can gida suka yi rajista, a can ake karɓar musu magani a aiko. Dalili, kada wani a zango ya gan su a layin asibiti labari ya koma gida. Sai korona ta zo. Ghana ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020, aka yi dokar kulle ta mako uku a Akra da Kumasi, kuma har farkon 2022 iyakar ƙasa ba a buɗe wa matafiya ba.

Akwai wani yaro mai gadi da muka yi zama unguwa ɗaya, bai kai ni shekaru ba. Wansa ne ke karɓar masa magani a gida duk wata uku ya ba masu zuwa. Da hanya ta rufe, masu zuwa suka ɗauke ƙafa, asibitin can kuma suka ce ba za su ci gaba da bayarwa ba sai sun ga mai shi. Sai ya fara tsallake rana don ragowar ta kai shi, yau ya sha gobe ya bari. Daga baya ta ƙare gaba ɗaya. Ya yi fiye da shekara ba ya shan komai, kuma bai gaya wa kowa ba, don a lokacin yana jin ƙarfinsa. Da damina ta 2021, lokacin da nau'in Delta ke yawo, zazzaɓi ya kama shi. Ya yi kwana takwas yana sayen magani a kemis. Ranar da muka ɗauke shi ba ya iya faɗin sunansa a numfashi ɗaya. Gwaji ya nuna korona. Sai a kwana na uku a gadon asibiti ya gaya wa likita sauran maganar, da aka duba kuma ga tarin fuka a ciki. Kwana shida ya yi. A nan muka yi masa sutura, mahaifiyarsa ta waya ta ji. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa.

Kwana dai in ya ƙare ya ƙare, wannan ba mai ja. Amma abin da ke ci mini rai, maganin da ya yi shekara yana jira daga gida, akwai shi a asibitin gwamnati da bai fi tafiyar minti ashirin a mota daga ɗakinsa ba, kuma kyauta.

Saboda haka ga shawarata, ba a fafe gora ranar tafiya:

1. Ka yi rajista a garin da kake zaune. In kana kunyar asibitin unguwarku, tafi na wata unguwa ko wani gari. A Ghana manyan asibitoci irin su Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi suna da wannan sashe, haka asibitocin gundumomi. Maganin kansa kyauta ne, abin da za ka iya biya kuɗin kati ne da wasu gwaje-gwaje.
2. In za ka bar gida ko za ka canza gari, karɓi takardar canjin asibiti. In ba ka da ita kada ya hana ka zuwa, tafi da tsohuwar roba ko hotonta.
3. In ka daɗe a kan magani kuma gwajinka yana kyau, roƙi a ba ka na wata 3 ko 6 a lokaci guda. Tun zuwan korona ƙasashe da yawa sun koma yin haka.
4. Kada ka jira sai roba ta yi ƙara. In saura na mako biyu, tashi ka nemo.
5. Kada ka raba ƙwaya biyu, kada ka tsallake rana don ta daɗe. Haka ne ke koya wa cutar yadda za ta gagari maganin.
6. In ka riga ka yanke, ko shekara nawa ne, koma. Faɗan nas na minti biyar ne.
7. Ranar tafiya magani a jikinka yake zama ko a ƙaramar jaka. Kada ka sa shi a kayan da za a ɗaure a saman mota.
8. In an haɗa maka da Septrin ko maganin rigakafin tarin fuka, su ma kada ka raina su.

Na Kamaru, tun Janairun 2020 gwamnati ta cire kuɗin da ake biya a kan gwaji da kulawar ƙanjamau a asibitocinta. A Najeriya da Nijar maganin kyauta ne a asibitin gwamnati. Na Ingila, tun 2012 maganin ƙanjamau kyauta ne ga duk wanda ke ƙasar, da takarda ko babu, haka kuma gwajin korona da allurarta suka kasance a lokacin annobar.

Na Saudiyya kuwa, ku naku ya fi wuya, ba zan yi muku daɗin baki ba. Ana gwada ma'aikaci baƙo kafin a ba shi ikama, wanda aka samu da ita kuma gida ake mayar da shi. Shi ya sa mai ita a can yake ɓuya, ga rashin magani, ga tsoron tarhil. Abu biyu zan ce. Na ɗaya, a lokacin annobar, a ƙarshen Maris na 2020, Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har wanda ba shi da ikama. In numfashi ya sarƙe, tafi asibiti. Na biyu, ɗan uwa, 'yar uwa mai aikatau a gidan Larabawa, in kin san kina da wannan lalura kuma ba ki da tabbatacciyar hanyar samun magani kowane wata, fara shirin komawa inda za ki same shi tun kina kan ƙafafunki. Na san akwai bashin da aka ci aka zo, na san akwai masu jiran aike. Amma sai da rai ake biyan bashi. Gara a tarbe ki a filin jirgi da 'yar jakarki da a kira gida a yi musu gaisuwa.

JITA-JITAR DA KE YAWO

Wai mai shan maganin ƙanjamau korona ba ta kama shi. Ba haka ba ne. A farkon annobar an yi zaton wani tsohon maganin ƙanjamau mai suna Kaletra zai yi aiki a kan korona. Aka gwada shi a kan dubban marasa lafiya a Ingila a 2020, aka ga bai hana mutuwa ba, bai rage kwanakin jinya ba. Maganinka yana tsare maka sojoji ne su yi maka faɗa, ba ya hana ta shiga. Kuma kada ka ba wani naka wai ya sha don korona. Shi bai amfana ba, kai ka yi asara.

Wai allurar rigakafi tana kashe mai ƙanjamau, ko tana faɗa da maganinsa. Ita ma ba haka ba ne. Babu ƙwayar korona mai rai a cikin alluran nan, da AstraZeneca da Pfizer da Moderna da Johnson duka. Ghana ce ƙasar farko a duniya da ta karɓi allurar shirin COVAX, guda 600,000, ranar 24 ga Fabrairun 2021, kuma masu wata lalura a jiki suna cikin waɗanda aka fara kira. A Oktoban 2021 masu ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara suka ce wanda garkuwarsa ta yi rauni sosai a ƙara masa allura ɗaya a kan ta kowa, don jikinsa ba ya kama ta da wuri. Ciwon hannu da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ba wani abu ba ne. Ranar allura ma ka sha maganinka a kan lokacinsa.

Sai haɗe-haɗen kemis, wanda mu 'yan dako muka fi kowa. Ku kula da waɗannan:

Zinc da ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na gyambon ciki, suna riƙe TLD a cikin hanji su hana shi shiga jini yadda ya kamata. In dole sai ka sha su, sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.

Diclofenac da ibuprofen da muke watsawa don ciwon jiki, in suka haɗu da TLD da zazzaɓi da rashin ruwa a jiki, ƙoda suke taɓawa. Parasitamol ya fi maka, ka kuma sha ruwa da yawa.

Dexamethasone, wanda wasu ke sha don ƙiba, gaskiya ne yana ceton mai korona, amma wanda aka riga aka sa wa iskar oksijin a asibiti. Ga mai ƙaramin ciwo a ɗaki ƙara danne garkuwa yake yi. Kai da taka garkuwar ke lallaɓawa, me ya kai ka?

Chloroquine an gwada, ba ta maganin korona.

Na Amurka da Ingila, akwai ƙwayar korona mai suna Paxlovid da aka amince da ita a Disamban 2021, ana fara ta cikin kwana 5 da fara ciwo. Tana faɗa da magunguna da dama, musamman rifampicin na tarin fuka. Kafin a ba ka, zayyana wa likita duk abin da kake sha.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa, ban hana ka shan shayinka da citta da lemun tsami ba, suna sanyaya maƙogwaro. Amma duk wanda ya ce ka ajiye maganin asibiti ka koma nasa, kuɗinka yake so. Addu'a muna yi, magani muna sha, ba su taɓa yin faɗa da juna ba.

GA MU DA MUKE ZAUNE TARE DA SU

Yanzu na juyo kanmu. Me ya sa yaron can ya yi shekara yana ɓoyewa har ta kai shi ƙasa? Bakinmu yake tsoro. Mu ne in muka ga mutum ya rame sai mu fara zunɗe. Mu ne in muka tsinci roba a jakar mutum, kafin magariba labari ya kai garinsu, har a fasa ba shi aure. Kuma ba mu san ta inda ta same shi ba. Wani a wajen ƙarin jini ne, wani aska ko allura, wata mijinta ne ya kawo mata har ɗaki, wani da ita aka haife shi. Ko ma ta ina ne, hisabi ba a hannunmu yake ba.

Abin mamaki, muna gudun abin da ba ya kama mu, muna rungumar mai kama mu. Ƙanjamau ba ta bin kwano, ba ta bin buta, ba ta bin tabarma ko musabaha ko cizon sauro. Korona kuwa iska take bi, kuma mu takwas muke kwana a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sanyi. A ɗakin nan mai ƙanjamau ba shi ne haɗari gare ka ba. Kai mai tari ba takunkumi, kai ne haɗari gare shi.

To in wani ya fara tari da zazzaɓi a ɗaki, ko waye shi: a buɗe taga ko da ana sanyi, ya sa takunkumi, ku ma ku sa. A matsar da shimfiɗarsa kusa da taga, in da hali a rage masu kwana a ɗakin. Ya je a gwada shi. Ya bar fita aiki da shiga jama'a aƙalla kwana 10, wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai kuma ya tambayi likita, don shi takan daɗe a jikinsa. Kun san ɗan dako in bai fita ba bai ci ba, shi ya sa muke fita da ciwo. A nan ne 'yan uwantaka take. A yi masa karo-karo na abinci, wani ya riƙe masa wurin aikinsa kafin ya tashi. Yau shi ne, gobe kai ne.

In kuma wani ya yarda da kai har ya gaya maka sirrinsa, ka riƙe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kai ne za ka tuna masa lokacin magani ranar da zazzaɓi ya rufe shi, kai ne za ka kai masa robarsa in an kwantar da shi. Kai mai lalurar kuma, nemi mutum ɗaya tak mai amana ka gaya masa, saboda ranar da ba za ka iya magana da bakinka ba.

Saura waɗanda ba su taɓa yin gwaji ba, kuma mu ne da yawa. Wanda bai san yana da ita ba ya fi kowa zama cikin haɗari, don sojojinsa na ƙarewa bai sani ba, sai korona ko tarin fuka sun zo sun tarar da gida a buɗe. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, minti ashirin ka ji sakamako. In babu, ka gode wa Allah ka kiyaye. In akwai, a ranar ma ana iya ɗora ka a kan magani, ka ci gaba da aikinka, ka yi aure, ka haifi 'ya'ya lafiyayyu. Mata masu ciki, ku dai kada ku yi wasa da awo, don maganin nan shi ke tsare jariri, kuma korona ta fi wahalar da mai ciki.

Wanda yake da tambayar da ba ya son yi a bainar jama'a ya same ni ta akwatin saƙo. Abin da na sani zan faɗa masa, abin da ya fi ƙarfina in nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma maganarsa ba za ta wuce ni ba. Ku tura wa 'yan ɗakinku da sauran zaurukan 'yan ci-rani, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri, ya mayar da kowa gida da ƙafafunsa. Amin.